Abin da Baba Ya Sa, Abin da Na Goge

"Wane Baban?"

Abin da na tambayi maigidana ke nan ranar da ya biyo ni har makarantar da nake koyarwa, ya tsaya a bakin aji ya ce in ɗauko jakata, Baba ya rasu. Wallahi ba rainin hankali ba ne, kaina ne ya ƙi ɗauka. Mutumin da na biya na gaishe shi da safe, na iske shi yana fama da tsohon babur ɗinshi a ƙofar gida, har yana yi mani tsiya wai malamar makaranta ce ke makara? Ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Koko ya sha da ƙosai, ya ce zai leƙa Kurfi ya dawo kafin azahar.

A Kurfin ya cika, a zauren wani mutum da ya kira shi ya duba mashi kwamfuta. Ya sa abin da zai sa, ya jingina da bango ya lumshe ido, carbi a hannu, kamar yadda ya saba in yana jiran ta gama. Mai gidan ya zauna gefenshi yana ta ba shi labarin tsadar taki. Sai da kwamfutar ta gama ya ce, "Malam, ga ta nan ta ƙare." Shiru. Kwana uku a jere mutumin nan yana zuwa gidanmu, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya maimaita mashi, "Ina ta yi mashi hira fa. Ni ina ta yi mashi hira!" Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta yi kuka ba a ranar. Har aka dawo daga maƙabarta tana zaune gaban kwanon abincinshi a rufe, in an yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ai ko abincin rana bai ci ba." Wani bawan Allah kuma bai ji labari ba, ya taho da laftof a hammata zai kawo gyara, ya shawo kwanar lungunmu ya ga tabarmi da jama'a. Ƙannena da ke waje suka ce tsaye ya yi ƙiƙam, can kuma ya zauna a ƙasa, ba ma a kan tabarma ba, ya rungume laftof ɗin yana salati.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne mata. Mata ne da ban taɓa gani ba suka riƙa shigowa, daga unguwannin Dutsin-Ma, daga Kurfi, har daga Tamawa, kowace ta ce malaminta ne. Wata ta durƙusa kusa da ni, idanunta sun kumbura, ta ce, "Don Allah, dogo ne ko gajere?" Na yi sororo ina kallonta. Ta ce, "Muryarshi kawai na sani."

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma kada a manta da abin da ni na yi bayanshi.

Baba ya shekara talatin da wani abu yana buga tafireta a sakateriya. Da kwamfuta ta shigo ofis, sa'o'inshi suka ja da baya, shi kuwa ya gyara tabarau ya zauna a gabanta har ta saba da shi. Bayan ya yi ritaya ne ya gano wani abu da bai daina mamakinshi ba har ya mutu: wai akwai mutanen da ke zama su haɗa manhaja, su gama, su ce kowa ya ɗauka kyauta. Yakan ce, "Wani bawan Allah can ƙasarsu, bai san ni ba, bai san Dutsin-Ma ba, ya ɓata lokacinshi ya yi abu ya ce in ɗauka. Ni kuma in zo in tare ƙofa ina cewa sai an biya ni? Kai, da kunya." Har addu'a yake yi masu, wai in musulmi ne Allah ya saka masu, in ba musulmi ba ne Allah ya shirye su ya kuma saka masu.

Filashi ɗaya gare shi, ɗaure da jan zare, yana aljihun gaba tare da carbi. A ciki akwai mai kashe bairos, da mai share tarkace in kwamfuta ta yi nauyi, da mai ƙara girman rubutu saboda tsofaffi, da mai kiran sallah. Akwai kuma wasanni: na tseren mota, na haɗa hoto, da wani na haruffa masu faɗowa daga sama, sai ka danna su kafin su taɓa ƙasa. In aka kawo mashi kwamfuta ana cewa ta mutu, sai ya yi dariya ya ce, "Ba ta mutu ba, ƙoshi ta yi." Ni kuwa maganar da na fi sha a bakinshi ita ce, "Karanta kafin ki danna." Ya san halina, ni mai gaggawa ce tun ina ƙarama.

Bai taɓa wuce zauren kowa ba. A fito mashi da kwamfuta ya gyara, a mayar ciki, sannan ya ɗaga murya yana koya wa matar gida ta bayan bango. "Kin ga wani abu kore daga hagu? To danna shi sau biyu, da sauri, ba kamar mai taɓa kunama ba." Sai ka ji dariya daga ciki. Haka ya koyar da matan da suka cika mamu gida ranar rasuwa.

Amma fa kada a ce Baba mai sanyi ne. Wata rana maigidana ya samo wata manhaja mai tsada da aka fasa, ya sa a kwamfutarmu yana murna. Baba ya duba ya ce, "An saya?" Maigidana ya ce, "Baba, ai kowa haka yake yi." Baba ya ce, "To kayan sata ne." Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Haba Baba, Bature ne fa mai ita, bai ma san muna duniya ba." Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Allah fa? Shi ma bai sani ba?" Sati biyu ko ruwan gidanmu bai sha ba, sai da aka cire ta.

Gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba kuwa tsakaninshi da Baffa ce, ƙanenshi uwa ɗaya uba ɗaya, limamin unguwarmu, mai makarantar allo. Baffa bai da matsala da mai kashe bairos ko mai kiran sallah. Wasannin ne ba ya so. Yakan ce shagala ce ake kai wa mutane har ɗaka. Baba kuma ya ce wanda ke tsoron kwamfuta ba ya koyonta, wasa ke cire tsoron. Su yi ta yi har murya ta tashi, a kawo tuwo su sa hannu a kwano ɗaya. Baffa ne ya yi mashi wanka, shi ya sallace shi, kuma a kwana ukun nan na ga ya tsufa a gaban idona.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a jama'a sun ragu, ya kira ni ɗakin Inna. Ya zaunar da ni. Sannan ya ce, "Ɗiyata, tun da muka sa shi a rami ban samu natsuwa ba. Shi ya tafi, amma abin da ya shuka a gidajen mutane yana nan yana aiki. Duk wanda ya bar sallah ta wuce saboda wasan nan, ina tsoron yayana yana da kamasho a ciki, yana kwance ana ƙara mashi kaya. Da yana raye sai mu yi gardama. Yanzu ba ya iya cire ko ɗaya." Hawaye suka zubo mashi har gemu. "Gidajen nan namiji ba ya shiga. Ke mace ce, kuma kin iya abin. Ki bi su ki goge, kada ki bar ko alama, kafin arba'in."

Ni ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tun daga lokacin in na ɗauki loma sai in ga Baba a kwance ana ɗora mashi abin da ba ya iya saukewa, sai in ajiye. Ban yi gardama ba, na ce to. Inna tana takaba a kusurwar ɗaki, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma ita ta lissafa mani gidajen, don Baba kan gaya mata inda ya je in yana cin abinci. Ta kuma miƙo mani filashin, har da jan zarenshi.

Gida na farko ya ƙara mani tsoro. Matar wani ma'aikaci ce a nan cikin gari, ina faɗin abin da ya kawo ni ta ce, "Alhamdu lillahi! Goge, don Allah goge. Malam ya sa wa yarana abin da ke kashe wasan in an yi awa ɗaya, shegun yaran nan sun gano yadda ake mayar da agogon baya. Jiya sai da na zare wayar wuta suka yi magariba." Na goge, ina cewa a raina ashe Baffa ya yi gaskiya.

A Kurfi na iske wadda ta tambaye ni ko Baba dogo ne. Da wasan haruffan nan ta koyi bugu, yanzu daga ɗakinta take buga wa ɗalibai takardunsu. Ta ce, "Ni na riga na iya, ba ya da sauran amfani a wurina. Amma shi ne abu na farko da Malam ya sa mani, ki bar mani shi." Na ce ubana ne ke cikin rami, ba nata ba. Haka na faɗa, Allah ya yafe mani. Ta kawar da kai, na goge. Daga ranar na daina yi wa kowa bayani, don na gaji da roƙo da kallon tuhuma. In na shiga gida sai in ce na zo duba aikin Baba, a kawo mani kwamfuta da murna, in yi abin da ya kawo ni in fito.

Gida na goma sha biyu yana wani ƙauye wajen Makera, dab da ruwan Zobe. Ranar Asabar na je, ana shirin azahar. Ɗiyar gidan ce ta tare ni, sa'ata ce, ta yi mani gaisuwa da kuka, ta ce tsohuwarsu, Iya, tana bayan ɗaki tana alwala. Ta ɗauko laftof naɗe a cikin zane mai tsabta, ta ce da safe aka karɓo shi daga wurin caji. Na buɗe. Wasa ɗaya ne tak a ciki, na haɗa hoto. Na danna a cire. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci, ban karanta ba, na danna e. Na buɗe kwandon sharar kwamfutar na zubar. Ko minti biyar ban yi ba, har na karɓi furar da aka dama mani.

Ina cikin sha Iya ta idar da sallah ta fito. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, a rame. Na gaishe ta, ba ta amsa ba, ba ta ma kalle ni ba. Ta zauna a tabarma ta jawo laftof ɗin, ta ɗora yatsa da gwaninta irin ta wanda ya saba. Ta kai 'yar kibiyar kwamfutar inda wasan yake zama. Babu. Ta zagaya ta dawo wurin. Ta sake zagayawa. Sai ta yi wani sauti daga maƙoshi, ba kuka ba, ba magana ba, wanda har yau ban manta shi ba.

Ɗiyar ta leƙa, ta juyo ta ce, "Me kika yi?"

Na ce, "Wasan na cire."

Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah! Kin kashe mu. Yayanmu ne a ciki!"

A tsaye ta ba ni labarin, tana yi tana haki. Yayansu ɗalibi ne, laftof ɗin nashi ne. Shekara biyu da suka wuce ya zo hutu, ya bi masunta cikin kwalekwale, ruwa ya ci shi. Sai bayan kwanaki aka same shi, maza suka rufe shi a can bakin ruwa, ba a bari uwarshi ta gan shi ba. Daga nan Iya ta daina magana, abinci sai an yi da gaske. Wayarshi ta tafi da shi cikin ruwa. Laftof ɗin kuma ya daɗe da lalacewa, aka kai wa Baba ko zai tashi. Baba ya yi kwanaki a kanshi, hoto ɗaya tak ya iya cetowa, na yayan nasu sanye da hula yana dariya. Da ya ji halin da uwar ke ciki, sai ya sa hoton a cikin wasan, yadda zai wargaje gutsi-gutsi a sake haɗa shi. Daga zaure ya koya wa ɗiyar, ita ta koya wa Iya. Kullum bayan azahar sai Iya ta zauna ta haɗa fuskar ɗanta da hannunta, ta kalle shi, sannan ta ci abinci.

Tambayar da ban karanta ba, cewa take ko a haɗa da hotunan da ke ciki a goge.

Na zazzage jakata na ciro filashin, ina addu'ar Baba ya ajiye kwafi. Babu. Na san ma babu, don Baba ba ya fita zauren mutum da hoton iyalinshi, yakan ce amana ce. A rikice na sake sa wasan, wai ko hoton zai dawo tare da shi. Ya buɗe da hoton furanni da na wani doki. Sai a lokacin na tuna a filashin akwai manhajar da ke tono abin da aka goge, na kuma tuna dokar Baba a kanta: in abu ya goge, kada a sa komai a kwamfutar sai an tono shi, don sabon yana iya hawa kan tsohon. Ni kuwa na riga na sa.

Na kunna ta. Tana tafiya a hankali, Iya tana zaune ba ta motsa ba, tuwonta na gefe a rufe. Har aka kira la'asar. Can sai ga hoton a cikin jerin abubuwan da ta tono. Na buɗe. Hula ta fito, goshi, idanu, hanci. Daga ƙarƙashin hanci zuwa ƙasa babu komai, toka-toka ne kawai kamar bangon siminti. Na sake tonowa sau uku, haka yake fitowa.

Ɗiyar ta ce in sa shi haka nan. Na sa, na tura wa Iya. Hannunta ya kama aiki nan da nan, ta haɗa hular, ta haɗa idanun, ba ta ko laluben wuri. Da ta zo kan gutsattsarin toka sai ta tsaya, don duk iri ɗaya ne. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye. Sannan ta buɗe baki, da wata murya a dushe ta wanda ya daɗe bai yi magana ba, ta ce, "Ina dariyarshi?"

Ta juya wajen ƙofar zaure ta ɗan ɗaga murya. "A gaya wa Malam an ɓata mani shi. Ya zo ya gyara."

Ashe ba su gaya mata ya rasu ba. Ɗiyar ta kafe ni da ido tana girgiza kai. Na ce, "To, Iya." Ban san yadda na fito daga gidan ba, na dai san a bakin hanya na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Baba.

Ban wuce gida ba, wurin Baffa na nufa. Na iske shi a zaurenshi, na zayyana mashi komai ban rage ba. Sannan ya ce, "Ta ci abincin?"

Na ce, "Ba ta ci ba."

Ya rufe fuska da hannun riga. Da ya buɗe ya ce, "Shekara nawa muna gardama da shi, bai taɓa kawo mani wannan hujjar ba. Da ya faɗa sau ɗaya, da na yi shiru." Na ce ai ba zai faɗa ba, sirrin gidan mutane ne. Ya ce, "Ni na aike ki, ɗiyata. Laifin nawa ne." Na ce, "A'a Baffa. Kai tsoro ka ji mashi, ni ma shi na ji. Amma ba kai ka hana ni tambaya ba, ba kai ka hana ni karantawa ba."

Sauran gidajen ban je ba, Baffa kuma bai sake tada maganar ba. Mun bi abokan karatun ɗan Iya ɗaya bayan ɗaya ko wani na da hotonshi, wanda muka samu na taro ne, fuskarshi ba ta kai ƙwayar gero ba. Duk Asabar ina zuwa ƙauyen. Iya tana haɗa rabin da ya rage, wata rana ta ci abinci, wata rana ta ture. Har yanzu tana tambaya ko Malam ya samu saƙonta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ka jiƙanshi, ka yalwata mashi makwanci, ka sa ya huta. Abin da ya bari a gidajen mutane Kai ka san nauyinshi, ni na daina aunawa. Amma guda ɗaya na sani, kuma ina shaida a gabanka: fuskar da ya mayar wa tsohuwar nan cikakkiya ce, har da dariyarta. Rabin da babu, ni za a tambaya, ba shi ba.